Kwalbar da Erdoo Ta Ɗebo Daga Awe

Bukan Sidi, Lafia
Watan Maris

Zuwa ga ƙawata Erdoo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Mama da ƙannenki. Yaya ƙarin haƙurin rashin Baba? Yaya wannan zafi da ya sako mu gaba? Mu nan lafiya lau. Maigidana Kamal yana gaishe ki, jaririya kuma ta fara zama, har ta iya fizge min ɗankwali.

Tunda kin ƙi ɗaga wayata, kin ƙi buɗe saƙonnina, na koma takarda da biro. Direban motar Assakio zai kai miki har shagon Mama. In kin ga dama ki yaga, amma ki karanta tukuna.

Na koma makaranta daga hutun haihuwa. Abin da aka yi miki a bayana, a bakin mutane na tsince shi gutsure-gutsure. An ce gansakukar da kika ɗebo daga ruwan gishirin Awe ta riƙa dunƙulewa tana kwanciya a gindin kwalba. Dakta Muhyiddin, malamin da ke duba aikinmu ni da ke, ya ce ƙazantarki ce ta sa fumfuna ta shiga. Kika ce masa ba fumfuna ba ce, kuma a gaban baƙi kika faɗa. Shi ne ya kai ki kwamiti, ya ce kin ƙirƙiri sakamako don ki rufe sakacinki, aka kore ki daga digiri na biyu. An ce Baba Iorchia ya zo har ƙofar ofishinsa da hularsa a hannu, aka bar shi a tsaye har aka tashi aiki. Ba a rufa wata biyu ba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Erdoo, ranar da na ji wannan, abinci bai shiga cikina ba.

Ga dalilin wasiƙata. Ranar da na dawo, Dakta ya nuna min kantarki ta bakin taga, ya ce in zubar da kwalaben nan in wanke, wai wari suke masa. Na zubar da duka sai ɗaya. Kafin in juye ta na ɗiga kaɗan na sa a maikiroskof, madubin nan mai ƙara girman abu. Babu fumfuna ko silli. Ƙwayoyinki ne zalla, koraye shar da ransu, sun dai manne wa juna kamar an zuba musu ƙaro.

Na ɗauke kwalbar da bahon ruwan ɗumin da take ciki, na mayar teburina ƙarƙashin farar fitila. Kashegari da na shigo, dunƙulen sun fara warwarewa. Jibinsa ruwan ya koma kore bai ɗaya, kamar ba a taɓa yin komai ba. Na mayar da ita kantarki, ta sake dunƙulewa. Na tsaya ina kallon kantar nan kamar sakarya, ina neman abin da ya bambanta ta da teburina, sai na ga hannuna ya yi shuɗi. Kin tuna gilashin tagar nan da ya fashe, aka toshe da shuɗiyar leda? Hasken ranar da ke shigowa ta nan shuɗi ne. Haske suke gani, Erdoo. Launinsa suke bambancewa.

Ba ki yi ƙazanta ba, ba ki yi ƙarya ba. Ki gaya wa Mama haka da bakina.

Ki huta lafiya.
Taki,
Afra'u

Bukan Sidi, Lafia
Watan Afrilu

Erdoo 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama. Yaya shago, yaya gona? Na ji an yi ruwan farko a wajenku, Allah ya sa albarka. Direba ya ce ya danƙa miki waccan a hannu, kin sa a aljihu. Ya ishe ni.

Na shiga kasuwa wajen masu kayan ƙawata ɗakin biki, na sayo ƙananan ƙwayayen lantarki shuɗɗa da koraye. Na raba gansakukarki kwalba-kwalba, na sa kowace a kwalinta. Ta ƙarƙashin shuɗi ta dunƙule. Ta ƙarƙashin kore ta zauna a warwatse. Na musanya su, suka musanya hali. Na maimaita har na gaji, ba su saɓa ba.

Na koma karatu, na ga masana a wasu ƙasashe sun ga irin haka a gansakukar ruwan zafi, irin waɗanda muke kira sayanobakteriya a aji. Kowace ƙwaya tana da wani sinadari, furotin, da ke juya siffarsa in shuɗin haske ya taɓa shi, in kore ya taɓa shi ya koma yadda yake. Juyawar nan ita ce ke ba ƙwayar umarni ta fitar da wani zare mai yauƙi, ta kama maƙwabciyarta. Shuɗin haske yana yi musu illa in ya yi yawa, to sai su cure, na waje su yi wa na ciki inuwa. Amma ban ga wanda ya ba da rahoton haka daga ruwan gishirin ƙasar nan ba. Ke ce ta farko da kika gani, aka kuma kore ki a kai.

Akwai sharaɗi na biyu. Bahonki ya lalace, ba ya kai zafin da aka saita shi, ɗumi kawai yake yi. Da na sa su a sabon bahon Dakta mai zafi sosai, ko na cika su da shuɗi ba sa dunƙulewa. Sai an haɗa biyun, shuɗin haske da ruwan da ya ɗan huce.

Na ɗauki kwalayena na kai masa ofis. Wallahi da zuciya ɗaya na je. Na zaci zai kama kai ya ce innalillahi, mun zalunci yarinyar nan. Ya duba kwalaben, ya ɗaga su a taga, ya daɗe. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Dama na yi zargin haka tun bara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to maganar Erdoo fa?"

Ya ce, "Wace Erdoo? Wadda kwamiti ya gama da ita? Malama Afra'u, kina da jaririya, kina son ki gama bana. Ki kula da abin da ya shafe ki."

Maganar zafin ruwa tana kan harshena a lokacin, don ban kai ga faɗa masa ba ya katse ni. Na haɗiye ta. Na ce to, ranka ya daɗe.

Yanzu ya rubuta takardar da zai gabatar a babban taron kimiyya na makaranta a watan Yuni. Ya ba ni in gyara masa rubutu. Sunansa ne a sama. A ciki ya ce shi da kansa ya shiga ruwan Awe ya ɗebo. Sunana yana can ƙasa wajen godiya, naki ko a mafarki. Na gyara masa waƙafi da aya tsaf, ban taɓa ƙaryar ba.

Erdoo, ni ba mai riƙo ba ce, kin sani. Amma wannan mutum na riƙe shi. In na kwanta shi nake gani, in ina ba yarinya nono shi nake gani. Ina son ya tsaya a gaban mutane gumi yana bin wuyansa, ya nemi kalma ya rasa, kamar yadda ya sa kika yi. Kuma zai tsaya.

Ki gaida kowa.
Afra'u

Bukan Sidi, Lafia
Watan Mayu

Ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama. Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan.

Amsarki ta iso, da ƙullin gyaɗar da kika haɗo. Na gode. Na ga kin ce in bar shi da Allah, kada in jefa digirina a wuta saboda ke, wai kin riga kin binne wancan zance tare da Baba. Na karanta, na yi kuka, amma ban yarda ba. Na bar shi da Allah tun tuni. Allah ne ya hana ni juye kwalbar nan. Ke kina iya yafe naki, ba na hana ki. Ni abin da aka yi a kan idona, aka kuma ce in sa hannu in gyara masa rubutu, wannan nawa ne.

Kamal ma ya yi min irin maganarki. Ya ce mutumin nan yana da mutane a sama, ni kuwa 'yar manomin Gwandara ce da babu wanda ya san babanta. Mun yi kwanaki ba ma wata doguwar magana. Ran Asabar da safe sai na ga ya wanke mota, ya ce in ɗauko yarinya, in dai Awe zan je ba zai bar ni in hau motar haya ba.

Mun je ƙauyen da kika yi aiki. Na tambayi Inna Lami, shugabar matan da ke dafa gishiri, aka nuna min ita tana tace ruwa. Da na ambaci sunanki ta ajiye ƙwarya. Ta ce ina 'yarta mai kwalabe, wadda ta zame ta faɗa taɓo har ƙugu tana dariya? Na ba ta labari duka. Ta tofar da yawu gefe.

Kamal ya biyo mu zai leƙa ramin da suke ɗebo ruwan gishirin, sai matan suka daka masa tsawa. Inna Lami ta ce a garinsu namiji ba ya taka bakin wannan rami, tun kakanninsu, ko mai gari iyakarsa gindin tsamiyar can. Kin taɓa gaya min haka na manta. Dakta kuwa bai taɓa sani ba, don bai taɓa zuwa ba.

Ran Litinin na je na ba shi shawara. Na ce ranka ya daɗe, zai yi kyau a gayyato matan gishiri taron, a ɗauke ka hoto da su, baƙi su ga aikinka ya shafi talakawa. Ya ji daɗi har ya ce ina da kai. Na ƙara da cewa ya kamata ya nuna abin a fili, a jera kwalabe tun jajibiri a cikin sabon bahonsa, ya yaye kwali da hannunsa a gaban jama'a. Ya ce haka za a yi, kuma shi zai saita komai da kansa, kada ɗalibi ya ɓata masa.

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, Erdoo. Bai tambaye ni ba ne.

Ki yi min addu'a irin taku, ni ma ina yin tawa.
Taki har kullum,
Afra'u

Bukan Sidi, Lafia
Watan Yuni

Erdoo,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, ki kira Mama kusa.

An yi taron jiya. Zauren ya cika, har ɗalibai a tagogi. Babbar baƙuwa ita ce Farfesa Seember daga Makurdi, wata 'yar tsamurmurar dattijuwa mai furfura, wadda ta yi shekaru tana aikin gansakuka. Inna Lami da mata uku suna layin gaba da sababbin zannuwansu. Ni ina can gefe kusa da ƙofa.

Dakta ya sha babbar riga fara. Ya yi jawabi mai daɗi, ba zan hana shi ba. Ya ce wata rana yana tsaye cikin ruwan Awe har gwiwa, tunani ya zo masa cewa ƙwayoyin nan suna ganin haske. Na saci kallon Inna Lami. Ba ta jin Turanci, amma na zaunar da wata ɗaliba kusa da ita tana fassara mata. Na ga ta gyara zama.

Sai ya zo kan kwalaye. Ya ce jama'a su duba da kyau, ta ƙarƙashin kore a warwatse, ta ƙarƙashin shuɗi a dunƙule. Ya yaye na kore, ruwa kore bai ɗaya. Aka gyaɗa kai. Ya yaye na shuɗi yana kallon jama'a, bai ko duba ba. Ruwa kore bai ɗaya, Erdoo. Ba dunƙule ko na ƙwayar gero. Bahon yana ta tururi.

Wani ya yi dariya a baya. Dakta ya juyo ya gani. Ya ɗaga kwalbar, ya girgiza, ya ajiye, ya ɗaga ta biyu. Ya ce wataƙila an ɗauke wuta cikin dare. Mai kula da zauren ya ce janareta bai tsaya ba. Sai ya ce to lallai ɗalibarsa ta bar ƙazanta ta shiga. Kalmar da ya jefe ki da ita, ita ya ɗauko zai jefe ni.

Farfesa Seember ta ce, "Ina ɗalibar?"

Na tashi. Na fito da kwalabe biyu daga jakar yarinya, waɗanda na raina a gida cikin kular abinci mai ruwan ɗumi, ɗaya ƙarƙashin koren haske, ɗaya ƙarƙashin shuɗi. Ɗaya kore bai ɗaya, ɗaya kuwa ruwa garau a sama, dunƙule a ƙasa kamar gayan tuwo a miya. Na ce shuɗi kaɗai ba ya isa, sai zafin ruwan ya sauka. Farfesa ta taɓa bahon Dakta, ta janye hannu da sauri. Ta tambaye shi ko ya san da haka. Ya ce e to, wato, a gwajinsa na farko. Ta ce a wane zafi ya yi gwajin nasa na farko? Ya hau juya takardunsa. Gumin da na roƙa na gan shi, ya jiƙa wuyan babbar rigar.

Na ce wadda ta fara ganin wannan sunanta Erdoo Iorchia, an kore ta bara a kan ta ce ba fumfuna ba ce. Dakta ya daka min tsawa, ya ce shi ya ɗebo da hannunsa. A nan Inna Lami ta miƙe, ba wanda ya ba ta izini. Ta ce da Hausarta ta Awe, "Malam, ni ban san ka ba. Namiji ba ya shiga raminmu. Yarinya ce ya zo, ni na riƙe masa kwalba." Ta koma ta zauna ta gyara mayafi.

Zauren ya ɗauki hayaniya. Shugaban sashe yana ta buga tebur. Farfesa Seember ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce ba za ta sa hannu a rahoton taron ba sai an sake buɗe maganar korarki, kuma tana so a rubuta cewa ita ta nema.

Dakta ya fita ta ƙofar da nake tsaye. Ya tsaya daidai kunnena ya ce, "Kin gama karatu a nan." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe."

Kin ce in bar shi. Da na bar shi da ban ji abin da na ji jiya ba. Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu, na yi barci kamar jaririyata.

Ki gaida Mama.
Afra'u

Bukan Sidi, Lafia
Watan Agusta

'Yar'uwata Erdoo,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama da yara. Yaya damina, yaya doya? Na ji daɗin jin muryarki ran nan, ko da kuka ya fi magana yawa. Na kira jiya da yau ban same ki ba, na san sabis ɗin gonarku, shi ya sa na aiko direba, don maganar ba ta jira.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na sha. An ɗage kare aikina sai baɗi, wai babu malamin da zai karɓe ni a tsakiyar shekara. Wasu malamai in na gaishe su sai su duba waya. Wata ta ce min a bayan ɗakin gwaji, abin da na yi gaskiya ne amma ba tarbiyya. Na ce na ji. Da za a mayar da ni watan Yuni, da jakar kwalaben nan zan sake shiga zauren.

Sabon kwamiti ya zauna. Sun sa an maimaita gwajin a gabansu, ya fito yadda kika rubuta bara. Sun soke korarki, takarda tana zuwa, kuma Farfesa Seember ta ce in kin fi son Makurdi ƙofarta a buɗe take. Shi kuwa an dakatar da shi. Abin da ya rage, za su kira ki ki faɗi abin da ya yi miki, kuma a kan bakinki za a yanke ko gargaɗi ne ko sallama.

To shekaranjiya bayan la'asar ina shanya, sai ga mota a ƙofar gida. Dakta Muhyiddin ne da dattawa biyu, ɗaya limamin unguwarsu, ɗayan kuwa Kawu Ya'akubu, ƙanen mahaifiyata, wanda ban san ta ina ya nemo shi ba. Kamal ya shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe su. Dakta ya rame. Bai iya kallona ba.

Liman ya yi wa'azi a kan yafiya. Kawu ya ce mutumin nan yana da iyali, 'ya'yansa mata suna jami'a, in rufa masa asiri in sa baki ki sassauta. Na bari suka gama. Na ce Kawu, ni ba a kore ni ba, ba ubana aka bari a tsaye a ƙofar ofis ba. Wadda aka yi wa tana Assakio, hanya kuma ba ta da nisa. Sai Dakta ya buɗe baki a karo na farko, ya ce in taimaka in ba shi lambarki. Na ce ba ta ɗaukar baƙuwar lamba, sai dai ya je da ƙafarsa.

Sun ce za su zo ran Asabar da hantsi.

Na san ki. Kina ganin furfurar liman za ki ce ba komai, ya wuce, ki kawo musu kujera da ruwan sanyi. Yafiya taki ce, ba zan karɓe miki ita ba, in kin yafe ba zan yi fushi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki fito da wuri. Ki gama abin da kike yi, ki yi wanka, ki ci abinci. In kin fito, kada ki saurare shi a shago ko a zaure. Ki ce Mama ta zo, ƙannenki su zo, ku zagaya da shi bayan gida inda Baba yake kwance a kabarinsa. Abin da ya zo faɗa, ya faɗe shi a can, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya kira sunanki cikakke. Bayan nan ki yi yadda zuciyarki ta ce.

Ni da Kamal za mu taso da sassafe, zan zo da yarinya ki gan ta. Ki ce wa Mama kada ta wahalar da kanta da girki. In kuma ta nace, sakwara nake so.

Taki,
Afra'u